Zauren Malam: Mi ke shanye batirin salula?

Ga mu kuma mun taru a zaurenmu na wata-wata.

Zancen wanga wata, wani ɗalibina ya jawo shi. Dattijo ne, makiyayi, shina zuwa ɗakin karatunmu na manya tun bara. Ɗanshi na ci-rani a Kwatano. Ya aiko mishi da babbar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa. Sun yi alkawali ran kasuwar Dutsi zai kira shi bayan azahar, ya faɗa mishi lambar kuɗɗin da ya aiko, don ya sayi dusa ga shanu. Dattijo ya biya mai caji tun da daddare, waya ta cika. Ya taso da asuba. Kafin rana ta take tsaka waya ta mutu a aljihu. Yaro ya yi ta kira bai samu ba. Kasuwa ta watse, dattijo ya koma gida hannu biyu. Kafin wata kasuwa buhu ya ƙara kuɗɗi, kuma saniya guda ta kwanta, sai da anka ɗaga ta da itace.

Da ya zo karatu ya aje mini waya bisa tabarma. Ya ce: "Malam, wagga aba tana shan wuta awa raƙumi ya iske rijiya. Na shanya ta rana kwana uku bisa rumbu, yadda muke yi ma pil ɗin rediyo, ba ta farfaɗo ba. Sai ma ta ƙara lalacewa."

Na ce: "Baba, ai nan ka ƙarasa ta."

Ƴan aji sunka yi dariya. Na ce kowa ya taɓa shanya batir a rana ya ɗaga hannu. Dariya ta tsaya, hannuwa sunka tashi, har da nawa.

Batirin salula ba pil ba ne

Dattijo bai yi wauta ba. Abin da ya sani ya yi. Pil ɗin rediyo da na tocila in ya gaji, a shanya shi rana, ko a ɗan bubbuge shi da dutsi, sai ya ƙara kai ka labarun dare guda. Ɗumi na tada ragowar ƙarfin da ke cikinshi. Wanga gaskiya ne, duk mun gani.

Amma batirin salula wani iri ne daban. Da wani ma'adini ake yin shi, sunanshi litiyom. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara saida irin wanga batir a 1991. A 2019 anka ba malamai uku da sunka gano hikimar yin shi babbar kyautar nan ta Nobel. Batir ne mai albarka: ga shi sakayau, ga ɗaukar wuta da yawa, kuma ana cika shi sau ɗaruruwa. Aibinshi guda, ba ya son zafi. Zafi na cinye shi daga ciki, kuma abin da zafi ya ci ba ya komowa.

Kamfanin Apple na Amurka ya rubuta cewa wayarshi ta fi son wurin da zafi bai wuce awo 35 ba. To, mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, ko cikin inuwa. Ina ga wayar da anka aje bisa tankin moto, ko bisa dutsi bakin gona, ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana? Ku taɓa ta ku ji. In waya ta yi zafin da ba ka son aza ta ga kumcinka, batir na cutuwa.

Mafi muni shi ne a haɗa mishi zafi uku: zafin rana, zafin caji, da zafin aiki. Yara na yin haka. Waya na bisa wuta, suna kallon bidiyo, ga rana. Ku hana su. Wurin mai caji kuma, ku dubi inda yake aza wayoyi. Wasu na tara su bisa juna awa masa a faranti, ƙarƙashin kwano. Ku roƙe shi da lalama ya shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a inuwa. In wayarka na da rigar roba, tuɓe mata kafin caji. Kada a sa waya ƙarƙashin matashi tana caji.

Ko ba zafi, batir na tsufa. Duk cikawa da zubewa ana ƙirga shi zagaye guda. Masu ƙera waya sun ce bayan zagaye wajen 500, batirin da ke ɗaukar kashi 100 ba ya ɗaukar fiye da wajen 80. Mu yi lissafi. Wanda ke cika waya kullum, kwana 500 bai kai shekara da rabi ba. Saboda haka in wayarka ta shekara biyu ko uku ka ga ta fara gajiya da wuri, ba sammu anka yi mata ba. Randa ce da laka ta taru a gindinta: ka ga ta cika har baki, amma ruwan da ta ɗauka ya ragu.

Akwai wani zance da ke yawo, wai a bar waya ta mutu sarai kafin a cika ta, wai sabon batir sai ya kwana bisa wuta. Wanga shawara ta batiran wayoyin farko ce. Batirin litiyom ya fi son zama tsakanin 20 da 80. Na san wanda ya yi tafiya ya biya dala 20 ba zai ce ma mai caji ya tsaya a 80 ba, kuma ban ce ya bar kuɗɗinshi ba. Cika abinka. Abin da nike hana ku shi ne barin waya ta mutu sarai, a jefa ta cikin adaka wata da watanni. In za ka aje waya da daɗewa, bar ta da rabin wuta, kashe ta, sa ta wuri mai sanyi.

Ɓarayin cikin gida

Yanzu ku saurara da kyau. Ba kullum batir ke da laifi ba. Rumbu na iya zama lafiya lau, amma ɓera na ciki. Mutane da yawa sun sayi sabon batir a banza.

Na farko mai shan wuta shi ne gilashin waya. Shi ya sa ƙaramar waya mai dannawa ke kwana huɗu ko biyar da ɗan batirinta, babba kuwa da ƙyar ta kai kwana biyu, alhali batirinta ya ninka na ƙarama sau huɗu ko biyar. Ku ja yatsa daga saman gilashi zuwa ƙasa. Za ku ga hoton rana da wani dogon layi. Ku ja shi baya har haske ya ragu, daidai yadda kuke iya gani.

Na biyu shi ne rezo, watau hanyar da waya ke magana da dogon ƙarfen kamfani. Makiyaya, nan zancenku ne. In shanunka na kusa, da ƴar murya kake kiransu. In sun yi nisa sai ka buɗe maƙogwaro, kafin marece murya ta dushe. Haka waya take. In dogon ƙarfe na kusa, magana take a hankali. In ka shiga daji, ko ka gangara kwari bayan duwatsu, sai ta yi ta ƙwala kira tana neman shi, ko ba ka taɓa ta ba. Ku dubi ƴan sandunan da ke saman gilashi. In sanda guda ta rage, ko babu ko guda, waya na shan wuta tana kwance a aljihu.

Mu mutanen Dutsi da Tibiri muna da ƙarin wahala, don muna bakin iyaka. Da yawa cikinmu na da sim biyu, na Nijar da na Najeriya. Wanda ba ya da rezo shina nema dare da rana. In ba za ka ƙetara ba, rufe sim ɗin can, ko ka fidda shi ka ƙulle a ƙyalle.

Maganin wanga abu na nan cikin waya. Wurin da kunka ga hoton rana, akwai hoton jirgin sama. In ka taɓa shi, waya ta bar neman rezo, ta huta. Amma ku riƙe wanga: in jirgi na kunne, kira ba ya shigowa. Sai ku yi alkawali da mutanen gida. Ka ce musu: "Da azahar da bayan magariba ina hawa tudu in buɗe, ku kira ni lokacin." Wani makiyayi da ya gwada ya ce mini wayar da ke kwana guda ta koma kwana uku.

Na uku shi ne intanet. In ka bar shi buɗe, WhatsApp da Facebook da TikTok ba su barci. Kana cikin zauren WhatsApp guda biyar, na gari, na dangi, na ƴan kasuwa, kowa na turo wa'azi da waƙa da hoton biki, waya na ta jidowa, wuta na tafiya, kuɗɗin mega na tafiya. Buɗe intanet in kana bukata, rufe in ka gama. Haka tocilar waya. Sau nawa munka ga aljihun mutum na haske da rana tsaka?

Wanda ya fara karatu sosai na iya kama ɓarawo da hannu. Nemi hoton wani faranti mai haƙora, irin na sarƙar keke. Taɓa shi. Gangara har ka ga hoton batir, in wayar ta faransanci ce an rubuta Batterie. Can ciki waya na jera abubuwan da sunka sha wuta, babba a sama. In ka ga wani abin da ba ka san shi ba a sama, wanda yaro ya zuba maka, sa a fidda shi.

Kada mu mance ƙura. Bayan hunturu, ramin da ake soka caja na cika da ƙura da zaren aljihu. Sai ka biya mai caji, waya ta wuni bisa wuta, ta ɗauki kaɗan. Kashe waya, ka sa busasshen tsinke siriri ka share ramin a hankali. Ban da allura, ban da ruwa. Gwada kuma wata igiyar caji. Igiya na karyewa daga ciki, waje na nan ƙalau.

Gwajin dare guda

Ga yadda nike rarrabewa a ɗakin karatu, kuma ba ya cin ko dala. Cika waya har ta nuna 100. Taɓa hoton jirgi. Aje ta inuwa, kada kowa ya taɓa har safe. Da safe karanta lambar. In ta nuna 97 ko 95, batirinka na da sauran rai, nemi ɓarawo cikin waɗanda munka ƙirga. In ka iske ta faɗo ƙasa da 90, ko ta mutu, batir ya gaji.

Akwai wasu alamu. Waya na nuna 40, ka ɗauki kira, ta ɗauke. Ko ta yi tsalle daga 60 zuwa 15. Ko ta cika cikin ɗan lokaci ta zube cikin ɗan lokaci.

Alama mafi hatsari ita ce kumburi. In bayan waya ya ɗago, ko gilashi ya fara rabuwa da jiki, batir ya kumbura. In batir mai fita ne, aza shi bisa faranti ka juya shi da yatsa. In ya yi ta juyawa awa katantanwa, ya yi ciki. Wanga batir kada a sake aza shi bisa wuta. Kada a huda shi wai iska ta fita. Kada a danne shi da dutsi wai ya koma. Shina iya kama wuta, kuma wutarshi na da wuyar kashewa. A 2016 kamfanin Samsung, duk girmanshi, sai da ya janye wata sabuwar waya mai suna Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya, don batirinta na kama wuta. Mu da ke kwana cikin bukka da zana, kusa da rumbu, da rani, ba mu da abin wasa da shi. Sa shi cikin tsohuwar tukunya da rairayi, nesa da ɗaki da yara, har ran da za ka kai ma mai gyara. Kada a jefa shi a murhu, ko a rijiya, ko a garka, ko a juji inda awaki ke kiwo.

In ya zama dole a sake batir

Wayoyi iri biyu ne. Akwai wadda ake ɓalle bayanta da farce, batir ya fito. Yawancin ƙananan wayoyi haka suke, da wasu tsoffin manya. Akwai kuma wadda anka like batir ciki da danƙo. Yawancin manyan wayoyin yanzu, su Tecno da Itel da Infinix da Samsung, haka suke.

In taka mai fita ce, tafi kasuwa da waya da tsohon batir. Ga inda karatu ke biyan mai shi. Kowane batir na da suna, baƙaƙe da lambobi. Misali, wanda ya fi yawa cikin ƙananan wayoyi an rubuta mishi BL-5C. Aza tsoho da sabo gefe da gefe, ka bi baƙi-baƙi da yatsa. Sai ka nemi lambar da ke da V a bayanta, 3.7V ko 3.8V, ta zama daidai da ta tsoho. Sai kuma lambar da ke da mAh a bayanta. Ita ce mudun batir, tana faɗin yawan wutar da yake ɗauka. BL-5C na asali wajen 1000 yake ɗauka. Manyan wayoyi kuwa 4000 ko 5000.

Nan nike so ku yi hankali, don ni ma an ci ni. Shekarun baya na sayi batir wurin wani mai tebur a wata kasuwa. Girmanshi daidai da tsohona, amma an rubuta 3000. Na ce na tsinci dami a kala. Na biya jikka biyu ina murna. Kwana goma sha biyar ya kumbura. Na koma, ba mai tebur, ba tebur. Tiya ba ta ɗaukar hatsin tiya uku don an rubuta uku a jikinta. In girma ɗaya ne kuma lamba ta ninka, ƙarya ce anka buga.

Saboda haka ku sayi batir wurin mai shago zaunanne, wanda kunka san gidansu, ko da ya ɗara tsada. Ku guji wanda anka baje a rana, ya sha zafi tun bai shiga waya ba. In an rubuta shekarar da anka yi shi, duba, don batir na tsufa ko cikin kwali. Ku yi sharaɗi gaban shaida: in bai kai mako lafiya ba, za a musanya. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wanga sharaɗi. Da ka saya, rubuta baƙin farko na sunanka bisa batir da biro. Wurin caji hannuwa na da yawa, batir na iya sauya gida.

In taka mai like ce, kada ka sa wuƙa. Wuƙa ta taɓa batir sai wuta, ta taɓa gilashi kuwa, kuɗɗin gilashi sun fi na batir. Kai ta wurin mai gyara a Dutsi ko Tibiri ko Doso, wanda mutane sunka shaida aikinshi. Kafin ka miƙa, fidda sim da katin ajiya. Zamna nan a yi aikin gabanka. A gwada maka sabon batir kafin a sa, a ba ka tsohon ka gani bayan an fidda. Wani na buɗe waya ya rufe, ya ce ya sake.

Tun kafin ran gyara, ku kwashe lambobin mutanenku ku rubuta a littafi. Wanga aikin gida ne na ba ƴan ajina duka. A 2009 da 2010 an gwada koya ma manya karatu da salula a garuruwan jihar Doso da ta Damagaram, kuma an ga amfanin abin. To, yau littafi ne zai ceci salula. Waya ta mutu, lambar ɗanka na takarda, ka ari ta maƙwabci ka kira. Da dattijonmu ya yi haka, da ya sayi dusarshi.

Shin ko sake batir na da riba? Mu ƙirga. Wanda batirinshi ya gaji na biyan dala 20 kullum. A wata dala 600 ke nan, jikka uku. In sabon batir ya sa ya koma caji bayan kwana biyu, ya rage jikka ɗaya da rabi kowane wata. Cikin ƴan watanni batir ya biya kanshi. Amma in gilashi ya fashe, ramin caji na girgiɗi, murya na shaƙewa, ni dai ba ni ba ka shawarar zuba kuɗɗi. Tara ka sayi wata.

Akwai kuma abin da ake ce ma fawa banki, wani batir na ɗauka da ake cikawa a gari a tafi da shi. Shina da amfani ga mai nisan kiwo. Sai dai ba duk abin da anka rubuta ke shiga waya ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na ɓacewa a hanya. Mai 10,000 zai cika waya mai 5000 sau guda da ɗan ƙari, ba sau biyu ba. Shi ma litiyom ne, shi ma ba ya son rana, kuma shi ma akwai na ƙarya. In ka ɗaga ka ji shi sakayau ga babbar lamba, aje.

Faifan sola kuwa ya yawaita, balle tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024. Ƙaramin faifai ya isa gida guda, ko mutum huɗu su haɗa kuɗɗi. Ku tuna dai, faifai ke son rana, ba waya ba. Faifai bisa rufi, igiya ta sauko, waya na inuwa.

Dattijonmu mun yi ma wayarshi gwajin dare. Ta kwana da 100, ta tashi da 62. Mun kai ta Dutsi an sake batir gabanmu. Na kuma ba shi shawarar da nike ba kowane makiyayi: ya nemi ƙaramar waya mai dannawa ta shiga daji, ya bar babba gida wurin iyali, don ganin hoton jikoki da sauraren saƙon murya. Ya ce sai ya saida ɗan akuya. Saniyar ta tashi.

Wanda ke son a yi ma wayarshi gwajin dare, ya zo da ita cike ɗakin karatu, da littafinshi da biro. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.